Adon majami'un Gotik a cikin littattafai

Salon ginin da ake kira Gotik ya samo asali ne a ƙasar Faransa a ƙarni na 12. A majami'ar Saint-Denis, kusa da birnin Paris, aka fara ganinsa sosai a wajajen shekarar 1140. Ana gane shi da baka mai tsini, da dogayen tagogi masu gilashi mai launi, da kuma ganyaye da dabbobi da aka sassaƙa a jikin dutse.

Wannan ado ba ya dawwama. Ruwan sama na cin dutse, wuta na cin katako, yaƙi kuma na rushe gini. Saboda haka a ƙarni na 19 wasu masana suka riƙa auna adon, suna zana shi, suna bugawa a littafi. A Ingila, Augustus Charles Pugin ya fitar da littafinsa “Specimens of Gothic Architecture” daga 1821 zuwa 1823. Zanensa na ɗauke da ma'auni, ta yadda magini zai iya yin aiki da shi.

A Faransa kuwa, Eugène Viollet-le-Duc ya wallafa ƙamus na gine-ginen ƙasar mai juzu'i 10, daga 1854 zuwa 1868. Ya jera kalmomin gini bisa tsarin haruffa, kuma ya haɗa bayanin da dubban zane-zane. Shi ne kuma ya gyara majami'ar Notre-Dame ta Paris. Tsohuwar hasumiyarta mai tsini, an sauke ta tun a ƙarshen ƙarni na 18. Ya tsara sabuwa ta katako da dalma, aka ɗora ta a 1859.

Ranar 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar, hasumiyar ta faɗi. Da aka yanke shawarar mayar da ita yadda take, sai kafintoci da masassaƙa suka koma ga zanen da Viollet-le-Duc ya bari. An sake buɗe majami'ar a watan Disamba 2024.

Sai dai mai nazarin irin waɗannan littattafai ya kamata ya lura da abu ɗaya. Viollet-le-Duc bai tsaya ga kwafin abin da ya tarar ba, ya kan ƙara abin da yake ganin ya dace da ginin. Dodannin dutse da ke leƙen Paris daga saman Notre-Dame a zamaninsa aka sassaƙa su. Don haka hasumiyar da aka sake ginawa ta ƙarni na 19 ce, ba ta magina na farko ba.