Yadda Za Mu Rage Sukari a Kofin Chapman da Ire-irensa

A 'yan shekarun nan, da wuya a je walimar biki ko gidan cin abinci a Kano, Kaduna ko Abuja ba a ga manyan kofuna cike da wani jan abin sha mai ƙanƙara ba, yankakken kokwamba da lemo na yawo a samansa. Shi ne Chapman, haɗin da ake cewa a Kulob ɗin Ikoyi da ke Legas aka fara yin sa. Akwai kuma mojito, ɗan asalin ƙasar Kyuba, inda ake haɗa shi da giyar rake. A wajenmu an cire giyar, an bar na'a-na'a da lemun tsami da sukari da ruwa mai gas. Da yake ba sa bugarwa, sai muka saki jiki da su, har yara ma ana miƙa musu kofi biyu ko uku. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne yawan sukarin da ke ciki.

Masana abinci suna sa sukari cikin rukunin da suke kira kabohaidiret, wato abincin da jiki ke narkarwa ya mayar da shi sukarin jini, irin su shinkafa da tuwo da burodi. A cikin abin sha kuwa, kusan duk kabohaidiret ɗin sukari ne zalla, kuma yana shiga jini da sauri saboda babu ɓawo ko dusa da za su rage masa gudu. Don haka idan aka ce haɗi mai ƙarancin kabohaidiret, ana nufin a riƙe ɗanɗano da launi, a rage zaƙin.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ga baligi, wannan bai wuce giram 50 ba, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma hukumar ta ce a sauko da shi zuwa 6 ya fi. To, lemon kwalba irin su Coca-Cola yana ɗauke da kimanin giram 10 a kowace mililita 100, ke nan gora guda mai santilita 50 ta cinye kason yini gaba ɗaya. Shi kuwa Chapman da Fanta da Sprite ake gina shi, sannan a zuba giranadin, wani jan ruwa mai kauri da asalinsa daga rumman ake yi, amma yawancin na kasuwa a yau sukari ne da kala. Wasu ma sukan ƙara Ribena.

Dalilin da ya sa harshe ba ya faɗa mana gaskiya shi ne sanyi da tsami duk suna ɓoye zaƙi. Duk wanda ya taɓa kurɓar lemon kwalba da ya sha rana ya san yadda zaƙinsa ke ginsarwa. Ga shi kuma abin sha ba ya ƙosarwa kamar abinci: mutum zai shanye kofi biyu, ya ci shinkafarsa daidai yadda ya saba. A hankali sai ƙiba ta biyo, da ruɓewar haƙora, da ƙarin hatsarin ciwon sukari. Dokar Kuɗi ta 2021 a Nijeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma abin da muke haɗawa a ɗakin girki mu ne kaɗai masu iko da shi.

Gyaran Chapman ba shi da wuya, domin abin da ya fi dacewa da shi yana gidajenmu tun tuni. A dafa zoɓo da kauri, da citta da kanumfari, ba tare da sukari ba. Shi zai ba da jan launi da tsamin da ake nema a giranadin. A madadin Fanta da Sprite, a zuba ruwan soda, a matse rabin lemon zaƙi da ɗan lemun tsami, a murɗa ɓawon lemon a saman kofin don man da ke jikinsa ya ba da ƙamshi. Sai kokwamba da ƙanƙara mai yawa, da ƙaramin cokali ɗaya na sukari. A kula wajen saye: ruwan soda daban, tonik daban. Kwalabensu sun yi kama, amma tonik yana da sukari, ɗacinsa ne ke rufe shi.

Akwai kuma abin da ya kamata Musulmi mai haɗa Chapman ya sani. Ɗigon ɗacin nan na Angostura da ake sawa a girkin asali, kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ce, kuma an rubuta haka a jikin kwalbar. Ɓawon lemo da kanumfari sun isa su tsaya a gurbinsa.

Mojito ya fi sauƙi. A ɗan murza na'a-na'a kaɗan, kada a daka ta har ta yi ɗaci, domin ɗacin ne ke sa a ƙara sukari.

Mutane da yawa suna ganin idan suka sa zuma ko ruwan 'ya'yan itace na kwali sun tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa su duka cikin sukarin da ake son a rage. Su ma masu zaƙi marasa sukari, irin su sitiviya da asfatem, a 2023 hukumar ta ce kada a dogara da su wajen rage ƙiba. Wannan shawarar ba ta haɗa da masu ciwon sukari ba. Su sai su bi abin da likitansu ya ce. A ganina, hanya mafi ɗorewa ita ce a riƙa rage cokali ɗaya bayan ɗaya har harshe ya saba, musamman ga yara.

Uwargidan da za ta haɗa wa taro, ko a biki ko a buɗa-baki, tana iya yin haɗin da ɗan zaƙi kaɗan, ta narka sukari a wani mazubi daban ta ajiye a gefe, mai so ya ƙara da hannunsa. Idan kuma saye muka je yi, mu ce wa mai haɗawa ya rage giranadin, ya raba lemon kwalbar biyu, ya cika da soda.