Tazara da Siffa: Awon Gona a Fadamar Haɗeja

Idan Kogin Haɗeja ya cika ya malale fadamarsa, ruwa kan share kunyoyi da turakun da suka raba gonaki, kuma tun bayan gina madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) yanayin malalar ya sauya. Bayan ruwa ya janye, abin da ya rage wa mai gona shi ne awon da ya riƙe: taki kaza ta gabas, taki kaza ta kudu. Masanin tarihi Hirodotus ya danganta asalin ilimin jometiri da irin wannan matsala a bakin Kogin Nilu.

Sai dai tsawon ɓangarori huɗu ba ya tsayar da siffar gona. A ɗauki fili mai mita 50 ta kowane gefe. Idan kusurwoyinsa a tsaye suke, faɗinsa murabba'in mita 2,500 ne. Idan ya karkace har kusurwa ɗaya ta koma digiri 30, faɗin ya zama 1,250, alhali igiyar awo ba ta nuna bambancin ko kamu ɗaya a gefunan ba. Rabin gona ke nan ya salwanta, kuma a rabon gado wannan ya isa ya raba zumunci.

Alwatika ba ta da wannan rauni. Yuklid ya tabbatar cewa tsawon ɓangarorinta uku ya wadatar wajen ƙayyade kusurwoyinta. Saboda haka maganin shi ne awo na biyar, daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, wanda zai raba filin gida biyu, kowanne alwatika. A misalin farko zai ba da kimanin mita 71, a na biyu kuwa gajeren ratsin bai wuce 26 ba. Ƙa'idar da Maxwell ya ambata a 1864, Laman ya kammala a 1970, ita ce a ninka adadin kusurwoyi biyu a cire uku: gona mai kusurwa biyar tana buƙatar awo bakwai, muddin ba a cunkushe su a ɓangare ɗaya ba.

Saura matsayin gonar kanta. Nisan turke daga bishiyoyi biyu na kan tudu, kamar kuka da tsamiya, yana nuna wurare biyu ne, ɗaya dama da layin da ya haɗa su, ɗaya hagu. Bishiya ta uku ce ke raba gardama, da sharaɗin kada ta kasance a kan layi ɗaya da su.