Ƙwaron Ƙarƙashin Dutse da Ruwan Shan Yaranmu

Uwargida, idan yaronki ya ɗaga dutse a rafi mai gudu, irin na tsaunin Mambila, ya ga ɗan ƙwaro manne a jiki, ku ƙirga tare: ƙafa shida, farce biyu a kowace ƙafa, jela biyu sirara. Ƙwaron dutse ke nan, masana na kiran irin na ƙasashenmu Neoperla. Mai jela uku galibi wani dangi ne daban.

Ba ya jure gurɓataccen ruwa, don haka ganinsa albishir ne. Amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina jan kunne: ruwan da yake ciki na iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ki tafasa kafin yara su sha.

Ke fa, kin taɓa ganinsa?