Ƙaramar Bindigar Da Sojojin Amurka Suka Zaɓa

A watan Janairun 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓi SIG Sauer P320, ta raɗa mata suna M17, domin ta gaji Beretta M9 da ake ratayawa tun 1985. Harsashin bai canza ba, mai milimita 9 ne, sai dai sabuwar tana cin 17, tsohuwar 15.

Inda dabarar take shi ne mariƙi. Hannun sojoji ba girmansu ɗaya ba, don haka ana iya zare kunamar da kayan cikinta a mayar cikin mariƙi babba ko ƙarami. A ganina wannan ya fi ƙarin harsashi biyun amfani wajen saiti. Rundunar ta kuma nemi a sa wa sabuwar bindigar makullin kariya da ake turawa da babban yatsa.