Kiɗan jita mai nauyi da hotonsa: daga MTV zuwa hanyar Tawa da Sakkwato

1. Shimfiɗa

Abin da ake kira alternative metal reshe ne na kiɗan rok, wanda ya tsiro a Amurka daga tsakiyar shekarun 1980. Ana gane shi da jitar lantarki mai amo da kaushi, da ganguna masu ƙarfi, da aron salo daga kaɗe-kaɗe dabam-dabam. Manufar wannan takarda ita ce mu nuna aikin da bidiyo yake yi wa irin wannan kiɗa, sa'an nan mu auna shi da misali mafi kusa da mu, wato Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine ɗan jihar Tawa.

2. Bidiyo a mahaifar salon

Tashar MTV ta fara aiki a 1981, kuma ta hanyarta ne yawancin ƙungiyoyin nan suka shiga gidajen mutane. A can, kamfani ne ke biyan kuɗin bidiyo domin faifai ya sayu. Duk da haka wasu sun karkatar da shi zuwa wata manufa. Ƙungiyar Tool, a bidiyon "Sober" na 1993, ta sa ƴan tsana da ake motsawa hoto bayan hoto a madadin fuskokin makaɗan. Ita kuwa System of a Down, a "Boom!" na 2003, ta ɗauko Michael Moore ya haɗa hotunan zanga-zangar ƙin yaƙin Iraƙi ta ranar 15 ga Fabrairu. Na farko ya ɓoye mawaƙi, na biyu ya mai da waƙa shaida.

3. Misalin Mdou Moctar

Wajibi ne a faɗa tun farko cewa kiɗansa ba metal ba ne. Tushensa jitar ishumar ce ta Abzinawa, wadda Tinariwen da Abdallah Oumbadougou suka yaɗa, da kuma kiɗan takamba. Amma a faifan Ilana na 2019, da Afrique Victime na 2021, da Funeral for Justice na 2024, saurin kiɗan da kaushin jitar sun kai inda mai sauraren rok mai nauyi zai ji kamar a gida yake.

Abin lura shi ne hanyar da waƙoƙin suka bi. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Kano. Wanda ya san hanyar da ta taso daga Tawa ta bi Badagishiri cikin yankin Illela, ta sauka Birnin Ƙwanni, ta ƙetare iyaka a ɗayar Illelar ta Najeriya, ba zai yi mamaki ba: hanyar albasa da shanu ce, ita ce kuma ta kaset da faifan bidiyo. Anar bai fita kasuwa ta hannun wani kamfani ba a lokacin. Daga salula zuwa salula ya yaɗu, ta Bluetooth da katin memori, har Christopher Kirkley na Sahel Sounds ya sa waƙar "Tahoultine" cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011.

Ke nan tsarin ya juya. A Amurka kamfani ke yin bidiyo don ya samar wa waƙa masu saurare. A nan masu sauraren ne suka riga kamfanin, kuma bidiyon da suka saba da shi shi ne wanda ɗan biki ya ɗauka da wayarsa: makaɗa a fili, amsa-kuwwa tana tsatsa, janareto na ƙugi, ƙura na tashi daga ƙafafun masu rawa. Masanin fim zai ce hoton ba shi da kyau. Mu a ganinmu ya fi kowane bayyana yadda ake kiɗan da wanda ake yi dominsa.

Fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, wanda Kirkley ya shirya a Agadas, ya tsaya tsakanin tsarin biyu. Ƙashin labarinsa daga Purple Rain na Prince ne, na 1984: saurayi da jitarsa da babur, uba mai ƙyamar kiɗa, abokin hamayya. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Ana iya kallonsa a matsayin doguwar bidiyon waƙa da aka yi wa zaren labari, kamar yadda waƙa da rawa ke riƙe da finafinan Kano da yawa.

4. Matsala ga mai bincike

Waƙoƙin da Tamajak ake rera su. Bahaushen Malbaza ko Ƙwanni da bai ji harshen ba, daidai yake da Ba'amurke wajen kalmomi: abin da ya rage masa shi ne amo da hoto, wato rawani, da hannun hagu da Mdou ke kaɗa jitar da shi, da yanayin taron. Saboda haka nazarin da ya tsaya ga rubutaccen matani zai bar rabin abin a waje. Ga kuma batun ajiya. Bidiyon kamfani yana da suna da shekara da mai shi. Na biki ba shi da ko ɗaya, kuma ran da katin memori ya lalace, ko aka goge shi don a sa sabbin waƙoƙi, ya tafi ke nan.