Rigar Gini Mai Ruɗar Ido

Duk wanda ya wuce ta gefen ginin bene da ake aikinsa a Sabon Birni ko Isa ya san yadda wurin ke kasancewa. An kakkafa itatuwa ko ƙarafa a jikin bango, an gicciya katakai a kansu, magina na hawa da sauka da kwanon siminti, ƙura na tashi. A manyan biranen Turai da Amurka ma sai an ɗaura irin wannan matakala kafin a gyara gini. Sai dai idan ginin mai tarihi ne, wanda baƙi ke tasowa daga nesa don su gan shi, hukuma ba ta son ya yi shekara biyu ko uku cikin ƙarafa. Dabarar da aka samo ita ce a ɗauki hoton fuskar ginin, a buga shi daidai girman ginin a kan wani ƙaton yadi, a rataya yadin a jikin matakalar ta wajen titi. Mai wucewa sai ya ga tagogi da ginshiƙai da ƙofofi kamar kullum, alhali kuwa magina na bayan labule suna ta aikinsu.

Haka aka yi wa ginin Kotun Ƙoli ta Amurka da ke Washinton a shekarar 2012, lokacin da ake gyaran duwatsun fuskarsa. A birnin Faris kuma, a shekarar 2007, wani mai zane, Pierre Delavie, ya yi wa wani gini da ke titin George V riga mai ɗauke da hoton gini wanda ya lanƙwashe kamar kitsen da ya ji wuta, har masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo.

Abin tambaya shi ne, yaya shimfiɗaɗɗen yadi, wanda ba shi da tudu ba shi da kwari, zai sa mutum mai lafiyayyen ido ya ga taga ta shige ciki, ginshiƙi ya fito waje?

Amsar tana cikin yadda aka halicci ido. Haske yakan faɗa kan abu, ya dawo ya shiga ta baƙin ido, ya sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe can bayan ƙwayar ido. A jikin tantanin akwai ƙwayoyin halitta masu jin haske. Wasu, fiye da miliyan 90, su ke aiki idan haske ya yi ƙaranci. Wasu, kimanin miliyan 5, su ke tantance launi da rana. Su ne ke mayar da haske saƙo, jijiyar gani ta kai shi ƙwaƙwalwa. To, hoton da ke sauka a kan tantanin nan shi ma shimfiɗaɗɗe ne, kamar na takarda. Zurfi da nisa ba sa shiga ido da kansu. Ƙwaƙwalwa ce ke ƙiyasta su daga wasu alamu da ta saba da su tun mutum na rarrafe. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma binciken kimiyya ya nuna cewa lalle ƙiyasi ne ake yi. Kusan shekara dubu da suka wuce, Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske ne ke shiga ido, kuma hankali na da hannu a cikin gani, shi ya sa gani ke iya yin kuskure.

Babbar alama a cikinsu ita ce inuwa. Tun da rana daga sama take haskowa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa duk abin da samansa ya yi haske, ƙasansa ya yi duhu, tudu ne. Wanda kuma samansa ya yi duhu, ƙasansa ya yi haske, rami ne. Malami na iya gwada wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A zana da'ira a takarda, a shafa wa rabinta na ƙasa fensir ya yi duhu a hankali. Ɗalibai za su ce sun ga ƙwallo. A juya takardar sama ta koma ƙasa, sai ƙwallon ya zama gurbi. Abin da mai buga rigar gini ke yi ke nan: yana sa duhu a ƙarƙashin kowace baranda da gefen kowace taga, ƙwaƙwalwar mai kallo ta ƙarasa masa sauran aikin.

Namun daji sun riga ɗan Adam amfani da wannan rauni na ido, amma ta ɗaya fuskar. Barewa bayanta ja ne, cikinta fari. Haka kifaye da tsuntsaye da yawa suke. Hasken rana na faɗa wa baya mai duhu, inuwa na faɗa wa ciki mai fari, sai su biyun su daidaita, jikin dabbar ya zama kamar shimfiɗaɗɗe, ya saje da ciyawa. Wani Ba'amurke mai zane, Abbott Thayer, ya yi bayanin wannan a shekarar 1896. Watau barewa na share inuwa daga jikin da ke da kauri, mai buga yadi kuma na ƙara inuwa a inda babu kauri. Doka ɗaya ce ke aiki a wuraren biyu.

Yaudarar tana da iyaka. Tsakanin idon dama da na hagu akwai tazarar santimita 6 da ɗoriya, saboda haka kowanne na ganin abu ta ɓangarensa. Mai karatu ya ɗaga yatsa a gaban hancinsa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe ya rufe ɗayan, zai ga yatsan na tsalle. Daga wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke auna nisa, kuma shi ya sa masu farauta kamar kyanwa da mujiya idanunsu ke gaba, na zomo da akuya kuma ke gefe. Amma bambancin na raguwa ƙwarai idan abu ya yi nisa. Daga tsallaken babban titi, idanun biyu kusan hoto ɗaya suke kawowa, sai ƙwaƙwalwa ta koma dogaro da inuwa. Da zarar mutum ya matso gindin ginin, asiri ya tonu. Tafiya ma na tona shi, domin idan mutum na wucewa ta gaban taga ta gaskiya, gefenta na ciki na buɗewa yana rufewa, na hoto kuwa na nan yadda yake. Fara ta san wannan: kafin ta yi tsalle takan karkaɗa jikinta dama da hagu don ta auna nisan inda za ta dira. Ga kuma inuwar hoto da ba ta bin rana. Yadda take da hantsi haka take da la'asar.

Shi kansa yadin ba tamfol ba ne. Zaren roba ne aka saƙa, aka shafe shi da wata robar, aka bar masa ƙananan huji da suka kai kusan kashi 30 cikin 100 na faɗinsa, gwargwadon irin yadin. Mai kallo ba ya ganin hujin saboda ido na da iyakar abin da yake iya rarrabewa. Lafiyayyen ido na rasa hujin milimita 1 idan ya wuce nisan mita uku da rabi. Daga mita 30 kuwa, sai abu ya kusa santimita 1 kafin a tantance shi. Amma me ya sa magina ke ganin titi, mutanen titi ba sa ganinsu? Duk wanda ya zauna a ɗaki mai asabari a Kurawa da tsakar rana ya san amsar. Na ciki yana ganin duk mai giftawa a tsakar gida, na waje kuwa asabarin kawai yake gani, saboda hasken da ke dawowa daga jikinsa ya rinjayi ɗan wanda ke fitowa daga ɗaki. Idan dare ya yi aka kunna fitila a ciki, sai lamarin ya juye. Rigar gini ma haka take.

Ba don gani kaɗai aka bar hujin ba. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi na ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu. Wanda ya ga yadda iskar farkon damina ke yaye kwanon rufi a ƙasar Gobir zai gane abin da za ta yi wa yadi mai faɗin filin ƙwallo idan ba ta sami mafita ba: za ta tumɓuke matakalar da mutanen da ke kanta. Sai kuma wuta. A watan Nuwamba na 2025 gobara ta tashi a wasu dogayen gidaje da ake gyara a unguwar Tai Po ta Hong Kong, ta hallaka fiye da mutum 150, kuma hukumomi sun gano cewa wani ɓangare na ragar da aka lulluɓe matakalar da ita bai cika ƙa'idar jure wuta ba. Kyan hoto ba ya rage ko ɗaya daga cikin waɗannan haɗurra, yana ma iya ɓoye aikin ha'inci daga idon jama'a.

Yadin na da tsada, saboda haka galibi 'yan talla ke biya. Tun 2007 dokar Faransa ta yarda a sa talla a rigar ginin tarihi, da sharaɗin kada ta wuce rabin faɗin yadin, kuma kuɗin su shiga aikin gyaran.

Wani lokaci ma babu gini a bayan labulen. Fadar sarakunan Jamus da ke Balin ta lalace a yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Jamus ta Gabas ta rushe ta a 1950. A 1993 wasu masu son a sake gina ta suka kafa ƙarafa a filin, suka rataya musu zanen fadar daidai girmanta, ya tsaya har 1994. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin fadar ba suka gan ta a mazauninta. A 2002 majalisar ƙasar ta amince a sake ginin, aka buɗe shi tsakanin 2020 da 2021. Jamusawa sun iya yin haka ne don suna da hotuna da ma'aunan tsohon ginin. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, tun kafin a fara ɗaukar hoto a duniya, saboda haka duk wanda ya zana fadarta a yau ƙiyasi zai yi.

Maginan ƙasa na wannan yanki sun bi wata hanya dabam. A Agadas, cikin ƙasar Azbin inda tarihin baka ya ce Gobirawa sun zauna kafin su gangaro kudu, akwai hasumiyar babban masallaci mai tsawon kusan mita 27. Itatuwan da suka firfito daga jikinta, waɗanda baƙo ke ɗauka ado ne, su ne matakalar. An gina su cikin bangon tun farko, suna ƙarfafa shi, kuma a kansu masu yaɓe ke takawa duk lokacin da ruwan sama ya zaizaye ƙasar.