Inuwar kasuwa: me ke kashe bedi da sauran itatuwanmu?

A watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Tawa, duk ɗan kasuwa ya san darajar gindin itace. Mai tumatir da ta samu inuwa tana kai la'asar da kayanta lafiya, wadda ba ta samu ba kuwa tun azahar take karya kuɗi. Amma in mun ɗaga kai muka dubi itatuwan da muke zama ƙarƙashinsu, da yawa sun fara bushewa daga sama, kuma sai reshe ya faɗo kan rumfa muke tunawa da su.

Mafi yawan inuwarmu ta bedi ce, wanda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Baƙo ne daga ƙasar Indiya, amma ya zama ɗan gida. Da shi aka fara zagaye birnin Yamai tun 1965, da shi kuma aka jera layukan kare iska a kwarin Majiya, wajen Buza, daga 1975. A wannan shekara ce 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itatuwa. Dashe kam muna yi. Abin da ke biyo bayan dashe shi ne inda muke da rauni.

Tsofaffi za su tuna abin da ya samu bedi sau biyu. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai manne wa ganye yana tsotse ruwansa ya ɓarke a yankin tafkin Cadi, ya taɓa gabashin ƙasarmu. Sannan wajen 1990 aka ga wata cuta ta daban: ganye ya yi rawaya ya zube, sai ɗan tuntu ya rage a bakin reshe, har masana suka kamanta shi da wuyan raƙumin dawa. An ɗauko masu bincike daga waje, sun duba saiwa da ganye, ba su kama wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifin ba. Abin da suka fi nunawa da yatsa shi ne wahala: ƙarancin ruwa shekara da shekaru, da ƙasar da ta taurare.

To wannan wahala a kasuwa ta fi yawa. Saiwoyin da ke shan ruwa ba can ƙasa suke duka ba, da yawa suna kusa da sama, suna bazuwa har su wuce iyakar inuwa. Ƙafa dubu na taka wurin kullum, amalanke da manyan motoci na tsayawa, ƙasa ta koma kamar daɓe, ruwan sama ya gudu bai shiga ba. Wani ma don tsabta sai ya malala siminti har jikin itacen. Niyyarsa mai kyau ce, amma ya shaƙe shi. A bar masa fili ko da taki biyu ne ta kowane gefe, a riƙa sassaƙa ƙasar sama-sama, a zuba busasshen ganye ko ɗan takin da ya ruɓe.

Sai abin da muke zubawa. Baƙin man mota na masu gyara, ruwan rini, ruwan gishiri da na kanwa, duk gindin itace ake kai su don can ne ba mai gani. Ruwan alwala da na wanke kayan miya ba laifi, itace na murna da su. Ƴan uwanmu mata masu tuyar ƙosai da masa, mun san ba a tuya cikin rana, amma murhun da aka jingina da kututture yana dafa ɓawo a hankali. A ja shi baya kaɗan, inuwar na nan.

Ɓawon nan shi ne ran itace, ta ƙarƙashinsa abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. In aka ɓare shi zagaye, itacen ya gama, ko da zai ɗauki shekara kafin a gane. Maɗaci ya fi shan wannan azaba saboda masu neman magani, ku dubi waɗanda suka rage a bakin tituna ku ga tabo. Wayar da aka ɗaure rumfa da ita aka manta, ita ma haka take shiga jiki tana yanka. Igiya mai faɗi da ake sassautawa ta fi.

Gara tana shan zargi, amma sau da yawa ba ita ta fara ba. Inda ta ga rauni ko busasshen wuri take bi. Ƙaramin dashe ne take iya kayarwa, shi ya sa ake share masa gininta da zarar ya bayyana, a kuma ba shi ruwa sosai sau ɗaya ko biyu a mako maimakon yayyafi kullum. Kauci kuwa tsuntsaye ke kawo irinsa, ya kafa kan reshe yana shan ruwan itacen. Fizge ganyensa ba ya magani, sai an sare reshen can ƙasa da inda ya kama.

Maganar sara tana son hankali. Kafin iskar farkon damina ya kamata shugabannin kasuwa su zaga su duba busassun rassa da kututturen da ya yi rami. A yanke da zarto kusa da mahaɗa, kar a dagargaza da gatari, kar kuma a aske itace duka lokaci guda cikin bazara. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, saboda haka a nemi ma'aikatan gandun daji da ofishin magajin gari kafin a taɓa babban itace, kar gyara ya koma tara.

Masu motocin kaya kuma muna tuna musu itacen nan na Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai cikin hamada har mota ta buge shi a 1973. Gawarsa na gidan tarihi na Yamai. A tashoshinmu ana irin wannan kullum da ja da baya, alhali tsofaffin tayu huɗu ko ƴan duwatsu da aka kafa kewaye da itace sun isa su tsayar da direba.